Mashawarcin maƙerar zamani

A kowane gari akwai masu sana'a. Maƙeri yana ƙera hauya da lauje. Masassaƙi yana sassaƙa turmi da taɓarya. Maginiya tana gina tulu da tukunya. Waɗannan sana'o'i an san su tun kaka da kakanni, kuma yawanci yaro yakan gaje su daga wurin iyayensa.

Amma akwai sana'o'in da ba a gada, don ba su daɗe da fitowa ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce sana'ar mashawarci. Mashawarci shi ne ƙwararren da wata ma'aikata, ko lakwal, ko ƙungiya take ɗauka na ɗan lokaci, don ya duba wata matsala, ya faɗi yadda za a warware ta. A ofisoshi ana ce masa konsiltan. Akwai mashawartan noma, akwai na lafiya, akwai na ruwa. Wannan karatu ya shafi mashawarcin da ya ƙware a abu biyu: maƙerar zamani da aikin alƙaluma.

Mece ce maƙerar zamani?

Maƙerar zamani ɗaki ne mai injuna waɗanda kwamfuta take sarrafawa. Babu zuga-zugi, babu gawayi, babu uwar maƙera. Mutum yakan zana abin da yake so a cikin kwamfuta, ya aika wa inji zanen, inji kuma ya fitar da abin. Sunan da aka san wannan ɗaki da shi a duniya shi ne fablab.

Asalinsa daga ƙasar Amurka ne. A wata babbar jami'a mai suna MIT, kusa da birnin Boston, akwai wani malamin kimiyya, Neil Gershenfeld. A shekarar 1998 ya buɗe wani darasi na koyon ƙera kusan kowane irin abu. Ya yi zaton ɗalibai kamar 10 za su zo, sai ga wajen 100. Da yawansu ba injiniyoyi ba ne. Kowa dai yana da wani abu a ransa da yake so ya ƙera, wanda ba a sayar da shi a kanti.

Daga nan aka yi tunanin a kai irin waɗannan injuna wajen jami'a, inda talakawa suke. A shekarar 2002 aka kafa maƙera a ƙauyen Pabal na ƙasar Indiya. An kafa wata a Lyngen, can arewacin Norwe mai tsananin sanyi, inda wani makiyayi mai suna Haakon Karlsen yake neman ƙaramar na'urar da zai rataya wa tumaki, don ya san inda suke cikin duwatsu. A shekarar 2004 aka buɗe ta farko a Afirka, a makarantar koyon sana'a ta Takoradi, cikin ƙasar Gana. Bayan shekara 20 da farawa, yawan maƙerun ya wuce 2000, a ƙasashe fiye da 100.

Suna da ƙa'idojin da suka yarda da su. Ƙofa a buɗe take ga kowa, aƙalla a wasu ranaku. Ba a ƙera abin da zai cutar da mutane. Wanda ya koyi wani abu, sai ya rubuta yadda ya yi, don na baya su amfana.

Injunan da ke ciki

Na farko shi ne injin gini, wanda ake kira firinta 3D. Aikinsa ya yi kama da na maginan tukwane. Maginiya takan murza yumɓu ya yi tsawo, ta naɗa shi zobe bisa zobe har tulu ya tashi. Haka injin yake yi, amma da roba. Ana ba shi zaren roba mai kaurin milimetir 1,75. Yana narka shi da zafin da ya kai wajen digiri 200, ya zuba shi layi bisa layi. Kaurin kowane layi yakan zama milimetir 0,2. Ke nan sai ya jera layi 50 kafin abu ya tashi santimetir 1. Shi ya sa ƙaramin abu yakan ci awoyi da dama.

Na biyu shi ne injin yanka da haske. Haskensa siriri ne ƙwarai, mai zafi, ana ce masa lesa. Yana yanka katako marar kauri, da kwali, da fata, ya bi zane daidai, ba karkata.

Na uku shi ne injin sassaƙa. Yana da baki mai kaifi wanda yake juyawa da sauri, yana ɗebe katako kaɗan-kaɗan har siffar da ake so ta fito.

Akwai kuma teburin haɗa kayan lantarki. A nan ake haɗa ƙananan na'urori masu awo: mai auna zafi, mai auna damshin ƙasa, mai auna zurfin ruwa a rijiya. Da yawa ana haɗa su da wani ɗan allo mai suna Arduino, wanda aka ƙirƙiro a Italiya a shekarar 2005.

Ku lura da abu guda. Duk waɗannan injuna ba su da wayon kansu. Abin da aka ba su shi suke bi. Zanen da ke cikin kwamfuta kuwa alƙaluma ne: tsawo kaza, faɗi kaza, kauri kaza. In awon ya yi kuskure, abin da inji zai fitar ba zai shiga wurinsa ba. Saboda haka ne mai aiki a maƙerar zamani yakan zama gwanin alƙaluma.

Aikin alƙaluma

Alƙaluma su ne abin da aka ƙidaya ko aka auna, aka rubuta. Yawan ƴan lakwal a aji, ruwan saman da aka samu a damina, farashin tiyar hatsi a kasuwa, duk alƙaluma ne. Aikinsu hawa huɗu ne.

Hawa na farko, tattarawa. A da, da alƙalami da kaye ake yi. Yanzu ana yi da wayar salula, ko da na'urorin awo.

Hawa na biyu, tsabtacewa. Wannan shi ya fi cin lokaci. Ga misali: wani ya rubuta Tawa, wani ya rubuta Tahoua. Wani ya rubuta Damagaram, wani ya rubuta Zinder. Mutum ya san gari ɗaya ake nufi, amma kwamfuta za ta ƙidaya gari biyu. Ko kuma wani ya auna hatsi da tiya, wani ya auna da kilo. In aka tara su haka nan, lissafi ya ɓaci. Ko mai rubutu ya so ya rubuta 45, hannunsa ya ƙara sifiri, ya zama 450. Kamar yadda mace take tsince tsakuwa daga cikin wake kafin ta dafa, haka ake tsince kurakurai daga cikin alƙaluma.

Hawa na uku, bincike. A nan ake tarawa, a raba, a gwama bana da bara, a gwama wannan gari da wancan.

Hawa na huɗu, nunawa. Ana mayar da alƙaluma zane ko taswira, yadda wanda bai iya dogon lissafi ba zai gane da kallo ɗaya.

Wannan aiki yana ceton rai. A shekarar 1854 cutar amai da gudawa ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan. Cikin kwana 10 mutum fiye da 500 suka mutu. A lokacin, yawancin mutane suna zaton mugunyar iska ce take kawo cutar. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambaya. Ya gane cewa yawancin mamatan daga famfo ɗaya suke shan ruwa. Ya kai wa hukuma maganar, aka cire hannun famfon. Daga baya ya zana taswirar unguwar, ya sa alama a kowane gidan da aka yi rashi. Har yanzu ana koyar da ɗalibai da wannan taswira.

A ƙasar Nijar ma akwai gidajen alƙaluma. Bayan babban farin da ya addabi ƙasashen Sahel, an kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a shekarar 1974, don bin diddigin ruwan sama, da koguna, da amfanin gona. Ana kuma auna tsawon ruwan kogin Isa a Yamai. A watan Satumba na 2020 ruwan ya kai wajen mitir 7, ya ci unguwanni. A irin wannan rana, wanda yake da taswirar da ta nuna gidajen da ke cikin kwari shi ne zai san inda za a fara kai agaji.

Yadda ake zama mashawarci

Ba a kwana ɗaya ake zama gwani ba. Hanyar takan bi matakai.

Da farko mutum ɗan koyo ne. Wani daga jami'a yake zuwa, wani daga makarantar sana'a, wani daga shagon gyaran rediyo. Yana share ɗaki, yana goge injuna, yana kallon na gaba da shi. Yana ɓata katako da roba da yawa kafin hannunsa ya faɗa.

Wasu sukan shiga wani horo mai suna Fab Academy, wanda aka fara a shekarar 2009. Ana yin sa daga Janairu zuwa Yuni. Malamin yana magana ta intanet, ɗalibai suna saurare daga maƙeru na ƙasashe daban-daban. Kowane mako akwai sabon aiki, kuma dole ɗalibi ya rubuta duk abin da ya yi, har da inda ya kasa. Wannan rubutu shi ne shaidarsa ga masu neman ma'aikaci.

Mataki na gaba, sai a ba shi riƙon maƙera. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa. Shi ke gyara inji in ya tsaya. Shi ke lissafin kayan da aka saya da waɗanda suka ƙare. Shi ke rubuta yawan mutanen da suka zo da abin da suka ƙera. Tun daga nan aikin alƙaluma ya kama shi.

In ya yi shekaru yana wannan, sunansa yakan fita. Wata lakwal tana so ta kafa maƙera, sai a ce a kira wane. Wata ma'aikatar magajin gari tana so ta san yawan rijiyoyinta da halin da suke ciki, sai a ce a kira wance. Daga nan ya zama mashawarci.

Sana'ar ba ta maza kaɗai ba ce. Wata mace mai suna Sherry Lassiter tana cikin waɗanda suka kafa Fab Foundation a shekarar 2009, ƙungiyar da take taimaka wa masu buɗe sababbin maƙeru, kuma ita aka ba shugabancinta.

Ba dole ba ne kuma sai mai kuɗi. A Lome, babban birnin Togo, wani masanin zanen gine-gine mai suna Sénamé Koffi Agbodjinou ya buɗe maƙerar WoeLab a shekarar 2012. Da harshen Ewe, sunan yana nufin a yi abu. A shekarar 2013 wani matashi na wannan maƙera, Afate Gnikou, ya haɗa injin gini da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da injunan ofis da aka zubar a juji. Labarinsa ya zaga duniya.

Yadda yake gudanar da aikinsa

Kafin ya fara, ana rubuta yarjejeniya. A ciki ake faɗin aikin da zai yi, da yawan kwanakin da zai yi, da kuɗin da za a biya shi.

Abu na farko da yake yi shi ne saurare. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Yana zama da shugabanni, yana kuma zama da waɗanda za su yi amfani da kayan. Wa zai riƙe mabuɗin ɗakin? Awa nawa ake samun wutar lantarki a rana? In wani ƙarfe ya karye, ina za a samo madadinsa? In zaren roba ya ƙare, wa zai sayo, da wane kuɗi?

Abu na biyu, yana aunawa da kansa, don gani ya kori ji. Yana auna ɗakin. Yana duba ƙura da zafi, domin ƙurar hunturu tana toshe injuna, zafin bazara kuma yana wahalar da kwamfuta. Yana duba inda hayaƙin injin yanka zai fita, kada ya cutar da yara.

Abu na uku, yana ba da shawara. A nan ake gane mashawarci na ƙwarai. Wani lokaci masu aikin sun ƙwallafa rai ga babban inji mai tsada, don sun gan shi a wata ƙasa. Shi kuwa ya ga ba su da wutar da za ta ɗauke shi, ba su da mai gyara. Dole ya gaya musu gaskiya, ko ba su so. In ya yi shiru don kada a fasa ba shi aiki, za a kashe kuɗin jama'a, a buɗe ɗaki da biki, bayan shekara guda a tarar da injuna a lulluɓe, gizo-gizo ya yi saƙa a kansu.

Abu na huɗu, yana kafa injuna, yana koyar da mutane. Ba mutum ɗaya yake koya wa ba, don kada ranar da wannan ya tashi aiki ya tsaya. Yana sa su kwance inji su mayar da hannunsu.

Abu na ƙarshe, yana rubuta rahoto: abin da ya tarar, abin da ya yi, abin da ya rage. Sannan ya yi sallama.

Wani aiki na gaggawa

A watan Maris na 2020 cutar korona ta yi tsanani a arewacin Italiya. A asibitin garin Chiari, wani ɗan ƙaramin bututun roba ya ƙare. Da shi ake haɗa iskar numfashi da abin da ake sa wa majinyaci a fuska. Kamfanin da yake yin sa ya kasa kawowa da wuri, ga majinyata suna jira.

Labari ya kai ga Massimo Temporelli, wani masanin kimiyya da ya kafa maƙerar zamani a birnin Milan. Shi ya san masu injuna a yankin, sai ya shiga neman wanda yake kusa. Wani injiniya mai suna Cristian Fracassi ya amsa. Shi da abokin aikinsa suka karɓi bututu ɗaya, suka auna shi ta kowane gefe, suka zana shi cikin kwamfuta, suka buga na gwaji. Likitoci suka gwada, ya yi aiki. Cikin ɗan lokaci aka buga wajen 100.

Abu uku ne suka haɗu a nan: wanda ya san mutane, wanda ya iya awo, da inji. Da ɗaya ya ɓace, da aikin bai yiwu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wahalar sana'ar da amanarta

Mashawarci ba shi da albashin wata. In akwai aiki, akwai kuɗi. In aiki ya ƙare, sai ya nemi wani. Kamar manomi, dole ya cika rumbu lokacin kaka saboda bazara. Yana yawan tafiya, yana barin iyalinsa. Injuna da dabaru kuma suna sakewa, don haka karatunsa ba ya ƙarewa.

Akwai kuma amana. Cikin alƙaluman da yake riƙewa akwai sunayen mutane, da cututtukansu, da dukiyarsu. Ba shi da izinin nuna su ga kowa, ko ya sayar da su. Ƙasar Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a shekarar 2017. Haka nan ba shi da izinin murɗa lissafi don ya faranta wa wanda ya biya shi. In rijiya 10 aka gina, 4 suka ƙafe, 4 zai rubuta. In ya ɓoye, ba za a gyara su ba, mata kuma za su ci gaba da tafiya mai nisa neman ruwa.

Ba a auna aikin mashawarci ranar da ya tafi. Sai bayan shekara ɗaya ko biyu ake dubawa. In injuna suna aiki, mutanen wurin suna gyara su da kansu, suna rubuta alƙalumansu daidai ba tare da sun sake kiransa ba, to ya yi aikinsa.

Yaron da yake sha'awar wannan sana'a yana iya farawa tun daga aji. Ya riƙe lissafi da kyau. Ya saba auna abu sau biyu kafin ya yanka. Ya iya rubuta bayani a fili, da Hausa da Faransanci, domin da harshe ɗaya zai saurari mutanen gari, da ɗayan kuma zai rubuta wa ma'aikata rahoto.

Ma'anar kalmomi

Mashawarci: ƙwararren da ake ɗauka na ɗan lokaci don ya ba da shawara.
Alƙaluma: abin da aka ƙidaya ko aka auna, aka rubuta da lambobi.
Taswira: zanen da yake nuna gari ko ƙasa, da hanyoyi da gidaje.
Yarjejeniya: takardar da mutum biyu suka sa wa hannu bayan sun shirya kan wani aiki.
Rahoto: bayanin da ake rubutawa bayan an gama aiki.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin maƙerar gargajiya da maƙerar zamani?
2. A wace ƙasa aka buɗe maƙerar zamani ta farko a Afirka? A wace shekara?
3. Ta yaya aikin injin gini ya yi kama da na maginiya?
4. Ku faɗi hawa huɗu na aikin alƙaluma.
5. Don me mashawarci ba ya koya wa mutum ɗaya kaɗai?
6. Me zai faru in mashawarci ya ɓoye gaskiya cikin rahotonsa?

Lissafi

Injin gini yana jera layi 50 a kowane santimetir. Layi nawa zai jera in ana son abu mai tsawon santimetir 6?

Aiki

Ku kasu kashi uku. Kowane kashi ya auna tsawo da faɗin ajinku, ya rubuta a kaye. Ku gwama abin da kuka samu. In akwai bambanci, ku nemo dalilinsa, sannan ku sake aunawa.